Sumar da Ta Jira Baba

Gidanmu na Ƙofar Durbi gidan wanzamai ne, ni kaɗai na fita zakka. Malamin firamare ne ni, alli na sani da jan biro. Mahaifina kuwa tun kafin a haife ni yake zama a zauren gidan bisa buzu, zabirar askarsa a dama, kwanon ruwa a hagu, mutane na shigowa da suma suna fita kai na ƙyalli. Abu ɗaya yake alfahari da shi, yana kuma faɗarsa ko ba a tambaye shi ba: ba a taɓa ɗaukar kan ɗan gidan nan an kai wa wani a waje ba. Kakana ya aske shi, shi kuma ya aske ni, har bayan na yi aure duk safiyar Juma'a a gabansa nake durƙusawa.

Ya so ya koya mini, ba laifinsa ba ne. Ina ɗan shekara goma sha huɗu ya miƙo mini aska ya ce in ƙarasa wa wani tela ƙeyarsa. Na riƙe ta da dukkan ƙarfina, na tattara hankalina a kan tsininta, hannun hagu kuwa na maƙale shi a baya don tsoron kada in yanke kaina. Telan ya juyo zai amsa sallama, na tsarge shi a bayan kunne. Jini ya gangaro kan wuyan farar rigarsa. Baba bai zage ni ba. Ya karɓi askar, ya ba mutumin haƙuri, ya ƙarasa aikin bai dube ni ba. Da ma zagina ya yi, da na huta. Tun daga ranar ban ƙara taɓa aska ba, shi ma bai ƙara miƙo mini ba.

'Ya'yana biyu na farko mata ne, na ukun ya zo namiji. Ranar suna Baba ya sa babbar riga, ya yi wa jaririn askin suna da kansa yana ta kiransa abokina, har yana gaya wa mutane ya samu magaji tunda wanda ya haifa ya gudu makaranta. Aka yi dariya, ni ma na yi, ta yaƙe. Wata biyu bayan nan ya faɗi a ƙofar gida yana dawowa daga sallar azahar. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta yi nauyi, hannun da ya ci abinci da shi duk rayuwarsa yana kwance a cinyarsa ba ya ko motsi. Aka rataye zabira a ƙusa cikin ɗakinsa, aka naɗe buzun zaure.

Yaron ya yi wata shida, suma ta fito masa baƙa wuluk. Wata rana mahaifiyata, Inna, ta ɗora shi a cinyar Baba. Baba ya shafa kansa da hannun hagu, ya ce, “A bar mani shi. In hannun ga ya tashi, ni zan yi ma abokina aski.”

Muka ce Allah ya ba shi lafiya, ya amsa da amin. Ba wanda ya yi zaton maganar za ta kai mu inda ta kai mu.

Hannu bai tashi ba, suma kuwa ba ta jira kowa ba. Ni kaina, in faɗi gaskiya, tuni na karya doka. Akwai wani shagon aski can bayan makarantarmu, nan nake zuwa a yi mini da inji, in danna hula in dawo gida kamar ban san komai ba. Amma babba da ƙafarsa yake zuwa. Yaro ɗaukarsa ake yi, a ratsa da shi tsakar gida ta gaban tabarmar Baba, a dawo da shi ta nan. Duk mutanen gidan mun sani, ko da yake ba mai faɗa, cewa ranar da aka dawo da yaron nan da askin shago, ranar aka gaya wa Baba ya daina jira, hannunsa ya tafi ke nan. Ba wanda yake son ya zama shi ne ya gaya masa, don haka suma ta yi ta tohuwa.

Kafin ya cika shekara biyu kansa ya fi ƙarfin mataji. Kowace safiya sai an yi yaƙi, shi yana ihu, uwarsa tana haki, yayyensa biyu suna riƙe ƙafafu. A gidan wani biki wata mata ta ɗauke shi tana yi wa uwarsa faɗa, wai yarinya ta kai haka ba a huda mata kunne ba. Maiɗakina ta dawo gida ranar ba ta ko cire mayafi ba ta tsaya a kaina.

“Malam, yau saura kwana goma in kai shi yaye wurin Hajiya. Ka dai san Hajiya.”

Na san ta sarai. Surukata ce, tana zaune a Ƙofar Marusa, mace ce mai kirki wadda ba ta taɓa neman shawarar kowa a kan abin da idonta ya gani ba. Ranar da aka sauke mata yaron nan, kafin la'asar yana kan kujerar shago.

Ni mutum ne mai saurin hawa, ban ɓoye ba. Na tashi na yi ta faɗa, na ce gashi ne ba cuta ba, na ce duk wanda ya matsu ya rufe idonsa. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta jawo yaron, ta ɗaga sumar da ta rufe masa ƙeya, ta ce in duba. Lokacin bazara ne, garin ya ɗau zafi. Ƙurajen zafi ne jajur tun daga bayan kunne har wuya, wasu ya sosa sun fashe. Ina can ina kare zuciyar tsoho, ashe ƙeyar ɗana ce take biya.

Ban yarda a kai shi shago ba, ban kuma iya cewa a bar shi ba. Hanya ɗaya ta rage, ita ce wadda na gudu daga gare ta shekara ashirin da wani abu. Washegari da aka tashi makaranta na bi ta Babbar Kasuwa, na sayi aska sabuwa, na sayi kankana ƙatuwa. A gidanmu a kan goran duma ake fara koyo, a shafa masa kumfa a kwashe ba tare da an karce shi ba. Ban samu duma ba, na ce kankana ma kai ce. Na shige sashenmu na ja ƙofa, na ɗora ta a kan turmi, na shafe ta da sabulu.

Kankanar farko da mutum ce da an yi jana'iza. Ta biyu ta ɗan samu sauƙi. Maiɗakina tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, duk lokacin da na karce koren bayan sai ta ce, “Wayyo kunnen ɗana,” ba ta ko ɗago kai. In na gama a wanke a yanka, a aika wa Inna da Baba nasu kason. Kwana biyar gidanmu kankana ake sha safe da yamma, har 'yan matan suka fara roƙon a koma mangwaro.

A rana ta shida Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a tabarmarsa ƙarƙashin rumfa, da yankin kankana a gabansa, ya juya bayanta sama yana bin karce-karcen da babban yatsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

“Wanga aikin wa ne?”

Na ce nawa ne.

“Sabulu shina fita a bakin mutum, ka sani ko? Kwana biyar ina shan sabulu.” Ya ci gaba da bin layukan da yatsa. Na san ya gane komai: ya gane na daina jiran hannunsa. Na fara haɗa wata magana ta lallashi, ya katse ni. “Askar kasuwa ce wagga, tana ci da yawa. Tahi ka ɗauko mani zabira.”

Na shiga ɗakinsa na sauko da ita daga ƙusa. Ƙura ta kwanta a kan fatar, amma da na buɗe ƙamshin nan na sabulu da tsohuwar fata ya buso ni, na koma ɗan shekara goma sha huɗu a tsaye. Ya zaɓi wata ƙaramar aska mai ƙotar ƙashi, ya ce da ita ya yi wa yaron askin suna. Ya danne dutsen washi a ƙasa da hannunsa na hagu, ya ce in wasa. Ina wasawa yana gyara mini da baki, kwantar da ita, ba haka ba, a hankali, kana faɗa da ita ne? Da muka gama ya ce Juma'a da hantsi, a nan gabansa.

Nan fa sabuwar rigima ta tashi, ta irin askin da za a yi. Inna ta ce tukku za a bar masa a tsakiyar kai, don haka aka yi mini, haka aka yi wa Baba, kuma duk mun yi albarka. Na ce mata malamai yanzu ba sa son a aske wani wuri a bar wani. Ta ce malaman su zo ta nuna musu inda nasu tukkun yake da. Maiɗakina ba ta iya musu da suruka baki da baki, sai ta bi ta bayan gida: ta zo mini da waya tana nuna mini hotunan yara da saisaye, an rage gefe da gefe, an bar sama, har da wani ɗan layi da aka zana a gefen goshi. Ta ce irin wannan take so Hajiya ta gani. Na kalli hoton, na kalli matar nan da ta ga abin da na yi wa kankana shida da idonta, na ce ta ji tsoron Allah. Aski ɗaya na iya, shi ma rabi da rabi, tal-kwabo, a kwashe duka. Aka kai ƙara gaban Baba. Ya saurari kowa, ya ce ƙuraje ba su san kwalliya ba, iska suke so. Inna ta ce to a ba su iska a bar mata tukkunta. Aka tashi ba a gama ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka shimfiɗa buzun zaure a tsakar gida, karo na farko tun faɗuwar Baba. Maiɗakina ta tafasa ruwa ta tsoma askar ta daɗe, Baba ya ce ta kyauta, shi ma haka yake yi. Inna ta zauna ta ɗora yaron a cinya, ta ba shi yankin kankana ya riƙe. Baba yana daga gefe a tabarmarsa. Ya ce in jiƙa sumar da ruwan ɗumi, in yi ta murzawa, kada in yi gaggawa. Na rage tsawonta da almakashi tukuna, tana zuba a kan zanen Inna guntu-guntu, yaron bai damu ba, kankanarsa yake sha. Na shafa sabulu. Na ɗauki aska.

Kankana ba ta juyawa, wannan ne abin da ban lissafa ba. Ina kai askar kusa da ƙeyarsa kaza ta gifta, ya waiga. Na janye. Na sake kaiwa, ya ɗaga kai yana nuna wa Inna ƙwallon kankanar da ya ciro. Na sake janyewa. Zufa ta fara shiga mini ido, ba abin da nake hangowa sai wuyan farar rigar telan nan. Haushi ya taso mini, na daka wa maiɗakina tsawa ta zo ta riƙe masa kai. Ta zo ta kama shi ta kunnuwa biyu, shi kuwa ya yar da kankana ya ƙwalla ƙara, ya sandare yana harbin iska. Na ajiye askar a bakin kwano. A raina na riga na gama, na ce shi ke nan, shago ya ci mu.

“Sake shi,” in ji Baba. “Ba a riƙe yaro. Ku matso mani da shi nan.”

Inna ta ja jiki har gwiwarta ta taɓa tasa. Baba ya ɗaga hannunsa na hagu ya ɗora a kan yaron. Bai danna ba, ya dai ajiye tafin ne, yana ɗan sosa masa da yatsu yana cewa abokina, wa ya taɓa ka, bar ni da su. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya. Sannan ya dube ni.

“Tun kana yaro kake ganin aski a hannun dama shike. Dama ɗan aike ne. Hagu shi ka jin inda kai zai tahi tun bai tahi ba. Ɗauki askarka. Kada ka kalli bakinta, kalli yatsana. Inda na ja hwata, nan za ka bi. In na ɗaga, ka ɗaga.”

Na ɗauka. Babban yatsansa ya sauka a ƙeya ya ja fatar ta miƙe, na kwantar da aska a gabansa na ja. Ta tafi sumul, ta bar farin layi a cikin kumfa. Yatsan ya matsa, na bi. Can sai ya ɗaga, na ɗaga, a daidai lokacin yaron ya yi atishawa. Wallahi ban ga alamarta ba, shi ya ji ta a tafin hannunsa. Daga nan tsoro ya sake ni. Muka bi ƙeya, muka kewaye ƙurajen ɗaya bayan ɗaya ba mu fasa ko guda ba, muka hau bayan kunne, wurin da na yanke tela, na wuce shi lafiya ban ma sani ba sai da na waiwaya. Tsakar gidan ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙaran askar da numfashin Baba kusa da kunnena. Rabona da in zauna kusa da shi haka tun kafin ya faɗi, kuma daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa a aji ba.

Saura ɗan curi a tsakiyar kai, wanda bai fi a kama da yatsa uku ba, yaron ya ga ya gaji da mu. Ya zame daga cinyar Inna ya bi kazar nan da gudu. Na yunƙura zan kamo shi, Baba ya ce in zauna, wanda ya tashi da kansa da kansa zai dawo. Inna kuwa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

“Kun gani ko? Maigidana ya zaɓi tukkunshi da kanshi!”

Maiɗakina ta yi dariya har da hawaye, ta bi shi da waya tana ɗaukar hoto. Haka ya yi ta zagaya gida, kai fari fes da ɗan tukku yana rawa a sama, Inna tana kiran duk wanda ya shigo ya zo ya gani. Sai bayan mun sauko daga masallaci ya zo da kansa ya jingina da gwiwar Baba, ya kamo hannun hagun ya ɗora a kansa. Ja biyu na yi tukkun ya sauka. Inna ta ce ba komai, ta dai ci rabin yini. Maiɗakina ta shafa kan ta ce ko Hajiya ba ta da abin cewa, in ta tambayi wane shago ne za ta ce mata shagon mutum biyu ne.

Na wanke askar, na goge, ina shirin mayar da ita zabira, Baba ya ce in dakata. Ya kai hannu ya cire hularsa. Sai a lokacin na tuna rabona da ganin kansa ba hula tun ranar da aka kwantar da shi. Furfura ce fara tas, wani wuri dogo wani wuri gajere, duk tabon almakashi. Inna ta kawar da kai. Ashe ita take rage masa a ɗaki in ba kowa, ita da ba ta taɓa yanka komai da almakashi ba sai atamfa. Mutumin da ya aske rabin Ƙofar Durbi ya yi kusan shekara biyu yana ɓoye kansa a ƙarƙashin hula, bai yarda an kira masa wani ba, ni kuma ina gida ɗaya da shi ban taɓa tambaya ba. Kunya ta kama ni, idona ya cika.

Bai ba ni lokacin kuka ba. Ya ja jiki ya hau buzun, ya juya mini ƙeya, ya tura mini kwanon ruwa da ƙafa.

“Saura ni. Jiƙa da kyau, furfura tauri gare ta.”

Na jiƙa, na murza, na shafa sabulu. Na tsaya ina jira ya ɗaga hannun hagunsa ya nuna mini hanya. Ya bar shi a cinya, kusa da ɗan'uwansa.

“Mi kake jira?” ya ce. “Kai ba ka da hagu?”

Na ɗora tafina a kan mahaifina, na ja fatar da babban yatsa, na fara daga ƙeya.